Ajin da Albasa Ta Riga Mu Shiga

Shekarar da aka ba ni aji shida, yaran da na gada ba su taɓa zama ƙarƙashin rufi da sunan karatu ba. Makarantar tana wani ƙauye ne a bakin fadama, in ka bar Argungu ka nufi wajen Gulma. Tun kafin su shiga aji ɗaya iskar farkon damina ta yaye kwanon ginin ta watsa shi cikin gonakin gero, mutanen gari kuma suka yi masa sutura yadda ta kamata. Wani ya yi ƙyauren garka da nasa rabon, wani ya rufe akurkin kaji. Yara suka koma gindin dogon yaro, suka girma a can.

Wanda bai taɓa koyarwa a gindin itace ba zai ɗauka abin daɗi ne. Inuwa tana tafiya, aji yana bin ta, ni ina biye da allo a kafaɗa. Akuya ta ratsa ta tsakiyar lissafi ba sallama. Duk mai wucewa zuwa fadama sai ya tsaya mun gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, wani ma ya jingine kekensa ya saurari darasin, in bai gamsu ba ya gyara mini. Ni kuwa Allah ya yi ni da saurin fushi, sai dai 'yar garin nake aure, don haka rabin masu wucewar surukaina ne. Haka nake haɗiye maganata in ce a gaida gida.

Ana nan sai labari ya zo cewa wata ƙungiyar masu taimako daga ƙasar Turawa za ta rufa mana ɗaki ɗaya, babban na gefen gabas, a matsayin gwaji. Sharaɗinsu guda ne: irin rufin da suke yi wa makarantunsu a can shi za a yi mana, don kada a ce sun ba mu na banza sun riƙe mai kyau. Niyya dai kyakkyawa ce. Abin da ba su tsaya tambaya ba shi ne ko muna da irin sanyinsu. Hedimasta ya yanke cewa 'yan aji shida za a ba ɗakin, tunda su ne masu fita, su ɗanɗana kafin su tafi. Ranar na yi masa addu'a har da iyayensa.

Wanda ya sami aikin wani mutumin Kudu ne mai shagon kayan gini a Birnin Kebbi. Ya daɗe a can har Sakkwatancinsa ya fi nawa gishiri. Ya zo da mota cike da wani irin kwano da ban taɓa gani ba, falle biyu a manne, da wani abu kamar soson katifa a tsakaninsu, kaurinsa ya kai tafin hannu. Kafintocinsa suka ɗaga kan ginin ya yi tsini sosai. Da suka gama sai na ga suna jera wasu 'yan ƙarafa kamar haƙoran manjagara a bakin rufin. Na tambaye shi amfaninsu.

Ya ce, "Malam, can garinsu ƙanƙara ka zuba bisa ɗaki ta taru. Waɗanga su ka tare ta, kar ta zamo ta hwaɗo ma yara ga kai."

Na ce, "To mu nan wace ƙanƙara za su tare?"

Ya ce, "Ni dai cikin kwali nig gane su, kuma an ce in ɗauki hoto in aika. In Allah ya kawo ƙanƙara Kabi, ku kun riga kowa shiri."

Na yi mako ina ba da wannan labari a majalisa ana dariya. Na kuma yi wa mutane bayani, da muryar wanda ya je kwaleji, cewa rufin da aka yi don ya riƙe ɗumi a ƙasar sanyi, in aka kawo shi nan gasa yara zai yi. Mai kwanon da kansa bai musa mini ba, don shi ma bai sani ba. Aka gama aiki a makon ƙarshe na zango na biyu, tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare ba ya son taka ƙasa da rana. Na shiga ɗakin da azahar don in tabbatar da maganata. Sai na ji kamar na sa kai cikin randa. Ashe abin kamar fulas yake, abin da ya hana ɗumi fita shi ne ya hana zafi shiga. Na tsaya a tsakiyar ɗakin ni kaɗai, gumina yana bushewa, ina jin wani farin ciki da na manta rabona da irinsa.

Hedimasta ya ce ba mai shiga sai an yi addu'ar buɗewa, fenti ma bai gama bushewa ba. Don haka na jero yarana a bakin taga, suka leƙa ɗaya bayan ɗaya, suna miƙa hannu ciki don su taɓa sanyin. Na ce musu, "Ranar da aka dawo hutu, nan za mu zauna. Ni na yi muku alkawari." Ban ga abin da zai hana ba. Ga ɗaki, ga yara, ga malami.

Ranar da aka ba da hutu aka yi addu'ar. Dattawan gari suka shiga suka zauna kan tabarmi, yara suna waje suna jiran ragowar goro da alewa. Ban taɓa ganin addu'ar da ta yi tsawon wannan ba. Liman ya shafa, wani ya ce a ƙara wa Turawan fatan shiriya, aka ƙara. Aka yi wa kafintoci, aka yi wa direban da ya kawo kaya. Gaskiyar magana ba mai son ya koma cikin ranar nan. A cikinsu har da surukina, mahaifin matata, wanda shi ne shugaban iyayen yara kuma babban manomin albasa na garin. Na lura ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon rufin, ya dubi tagogin da ke fuskantar juna, ya dafa siminti da tafin hannu. Na ji daɗi a raina, na ce tsohon nan ashe yana son ilimi.

Sai an san albasa za a gane abin da ya biyo baya. Da bazara kowa yake cire tasa a lokaci ɗaya, kasuwa ta cika, ta yi arha kamar a ba ka kyauta. Wanda ya iya riƙe tasa har damina ta yi nisa, shi ne ya yi noma. Riƙon kuwa shi ne wahalar. Ana shanya ta ne a rudu, wato wani gado na itace da kara da ake yi wa rumfar ciyawa, amma zafi yakan bi ta har can ya dafa ta, kullum ana tsince ruɓaɓɓu ana zubarwa mai ita yana kallo. Abin da albasa take so bai wuce inuwa mai sanyi da iska mai ratsawa ba.

Na tafi Argungu na yi hutuna a gidanmu. Na sayo sabon alli da kuɗina, na sa aka wanke mini riguna. Da na dawo, tun daga bakin hanya hancina ya ba ni labari. An cire ƙyamaren tagogin an jingine su a bayan gini don iska ta ratsa. A ciki an kafa gadaje na itace daga bango zuwa bango, an shimfiɗa kara, an baje albasa ja jawur, kowane mai ita da iyakarsa, an bar 'yar hanya a tsakiya. Wallahi ban taɓa ganin aji mai tsari irin wannan ba. Ba mai surutu, ba mai neman izinin fita.

Na sami hedimasta a ofis, tun kafin in buɗe baki ya ɗaga hannu. Ya ce, "Aro na, Malam, aron hutu. Ɗaki shina zaune banza, dattawa sunka roƙa, mi za ni ce musu?"

Na ce, "To ai hutu ya ƙare."

Ya ce, "Awo, ya ƙare. Amma kai ma ka san ba a tada albasa in ta kwanta. In anka motsa ta yanzu ta ƙuje, dut ta lalace. Ka ɗan ƙara haƙuri kasuwa ta motsa."

Daga baya na gane ta gaban allo, inda ya kamata teburina ya zauna, tasa ce.

Muka koma gindin dogon yaro. Yaran ba su ce mini komai ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Da sun yi ƙorafi da na sami wanda zan yi wa tsawa. Sai dai in ina rubutu a allo in juyo, in ga idanunsu suna kan ginin, ga shi fari tas yana ƙyalli, taku kaɗan daga inda muke. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Wata yarinya, ita ce monita, mai baki kamar reza, ranar nan ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, albasar aji nawa take?" Aji ya fashe da dariya. Na so in hukunta ta, na rasa laifin da zan ce ta yi.

Na ce wa matata zan je in sami Baba. Ta ajiye muciya ta dube ni ta ce, "Da wane bakin? Kai da ko sunanshi ba ka iya hwaɗi?" Gaskiya ta faɗa. A wajenmu suruki ba abokin gardama ba ne. Ko hanya kuka haɗu sai ka kauce ka durƙusa. Amma na tafi. Na tuɓe takalma tun daga nesa, na tsuguna a gefen tabarmarsa, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare muka sake sabuwa. Duk jawabin da na shirya a hanya, mai ɗauke da haƙƙin yara da amanar Turawa, ya narke. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Baba, dama na ce ko yaya albasa take."

Fuskarsa ta washe. Ya ce, "Malam, lahiya lau take! Tun da nike noma ban ga irin wanga ɗaki ba. Ko ɗaya ba mu zubar ba satin ga. Allah shi yi ma boko albarka. Da munka ce ba shi da amfani, ashe mu na ba mu gane ba."

Na ce amin. Ni da na zo ƙwato aji, na tashi da ƙullin albasa a hannu, ya ce in kai wa ɗiyarsa ta yi miya. Muka kuwa yi miyar, kuma ta yi daɗi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Da na ga gida ta gagara sai na hau mota zuwa Birnin Kebbi wurin mai kwano. Tunanina shi yake magana da Turawan, in ya gaya musu halin da ake ciki za su yi wani abu. Na same shi a shago da baƙi uku masu manyan riguna, yana nuna musu hoton makarantarmu a waya. Yana ganina ya miƙe ya rungume ni, ya aika a kawo mini lemo mai sanyi. Ya ce wa baƙin, "Ga malamin wurin nan, ku tambaye shi da bakinku." Ashe dillalan albasa ne daga wajen Augie, labari ya kai musu, sun zo a yi musu irin rufin a ɗakunan ajiyarsu. Suka tambaye ni ko da gaske ne ba ta ruɓewa. Ni malami ne, ban iya ƙarya a gaban manya ba, na ce da gaske ne.

Bayan sun tafi na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya sosa kai. Ya ce, "Malam, ni baƙo na garin ga, ko da na shekara nawa. In kai ƙarar dattawan gari wurin Turawa, gobe wa za ya sayi ƙusa hannuna? Su hoto sunka ce in aika, na aika, sun yi murna ƙwarai. Sun ce yara sun yi sa'a." Ya rako ni har bakin titi, ya ce in na tashi gina gidana zai yi mini ragi. A mota ina dawowa na tuna ban ma gode masa da lemon ba.

Ana cikin haka mai duba makarantu ya zo zagaye. Na ce to, yau Allah ya kawo ƙarshen abin. Mutumin kirki ne, amma yana da makarantu da yawa a gabansa kuma rana ta yi. Ya tsaya daga inda ya ajiye babur ya ƙare wa ginin kallo. Ba zanen gawayi a bango, ba sawun ƙafa, ba ƙofar da aka ɓalla. Ya ce duk yankin bai ga inda aka riƙe ginin taimako da amana kamar nan ba, a wasu wuraren wata ɗaya yara suke mayar da shi kango. Ya ga muna gindin itace, hedimasta ya ce ai Malam yana son koyarwa a fili, yara su sha iska. Warin kuwa bai dame shi ba, don a wannan lokacin garin duka haka yake wari, har masallaci. Na buɗe baki, sai na hango surukina yana tahowa gaida baƙo. Na rufe.

Damina ta sauka. In hadari ya taso mukan kwashi allo mu ruga barandar sabon ginin mu lafe a jikin bango, ruwa yana zubowa daga wancan rufi mai tsini kamar an buɗe dam. Ta taga muna hango albasa a bushe, hankali kwance. Jarabawar fita ta matso, kwanakin da ruwa ya cinye mana sun fi waɗanda muka yi karatu.

A taron iyayen yara na tsakiyar zango ne na kasa daurewa. Surukina yana zaune a gaba, na kawar da kai daga gare shi na fuskanci sauran. Na ce wanda ya aiko da rufin nan don yara ya aiko shi. Na ce inuwar giginya muka zama, na nesa ka sha. Na ce da abin da ke cikin ɗakin da abin da ke gindin itace duk ku kuka shuka su, ku gaya mini wanne ya fi muku tsada. Aka shiga satar kallon surukina, shi kuwa yana jan carbi kamar ba a wurin yake ba.

Wani manomi daga baya, uban ita monitar, shi ya ba ni amsa, kuma ba da faɗa ba. Ya ce, "Malam, ba mu ƙi ta taka ba. Amma yaro in rana ta buge shi, shi sha ruwa shi tashi. In ruwa ya ba shi kashi, shi bushe. Albasa in ta ruɓe ta tahi ke nan. Kuma ita wagga albasa da kaka gani, ita za ta kai ɗiyata sakandare in ta ci. Bara rabin tawa niz zubar, shi ya sa yayanta yana gida. In munka hidda ta yanzu, ɗiyan su zauna cikin sanyi wata biyu, sannan su zauna gida har abada. Wanne kaka zaɓa muna?"

Na zo da shirin yin faɗa da azzalumai, sai na tarar da mutane masu lissafin da ya fi nawa ciwo. Ban yarda da shi ba har yau, amma ban sami amsar da zan ba shi ba har yau. Na zauna. Aka rufe taro da addu'a, aka sa wa makaranta albarka. Da dare matata ba ta yi mini magana ba, da safe kuma na je na durƙusa na ba Baba haƙuri a kan ɗaga murya a gabansa. Ya ce ba komai, ƙuruciya ce.

Yarana suka rubuta jarabawarsu a wata makaranta a Argungu, aka yi hutun ƙarshen shekara, suka gama firamare. Bayan haka da 'yan makonni kasuwa ta motsa yadda ake so. Manyan motoci suka zo daga Kudu suka tsaya a filin makaranta. Hedimasta ya aiko a kira ni, wai in zo in karɓi makullin ajina, yau za a kwashe kaya, alkawari ya cika.

Na zo da hantsi. Ana ta ɗinkin buhuna a baranda, 'yan dako suna lodi. Na ratsa su na taka ƙofar ɗakin. An riga an fitar da gadajen itacen, an zube albasar a ƙasa tsibi tsibi, ana ware manya da ƙanana kafin a zuba a buhu. Aikin yara ne wannan a garin, kowa yakan turo nasa. Su ne a ciki, 'yan ajina, kusan dukansu, zaune a kan siminti cikin kayan gida, kowa da kwando a gabansa.

Monita ce ta fara ganina. Ban san ko tsokana ce ko sabo ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Ta buga gefen kwandonta ta ce, "Kilas, sitan!" Suka miƙe gaba ɗaya, ɓawon albasa yana zuba daga cinyoyinsu, suka haɗa baki suka ce, "Gud monin sa!" Muryarsu ta cika ɗakin ta dawo. Ban taɓa jin ta a cikin bango huɗu ba, ban san haka take da yawa ba. Idona ya kawo ruwa, kuma ba wanda zai ce ga dalili a ɗakin da kowa idonsa yake ruwa.

Ta ce, "Malam, ashe gaskiya kah hwaɗi. Akwai sanyi."

Daga waje wani ya daka tsawa a yi sauri, direba yana son ya kama hanya kafin hadari. Suna tsaye suna jirana, don ba a zama sai malami ya ba da izini. Na ce su zauna. Suka zauna, kowa ya jawo kwandonsa.